LEƘEN ASIRI KO DUBAN LIKITA?

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, a wannan fitowa zan ɗan kauce daga darasin nahawu da muka saba, domin wani abu ya faru a makarantarmu a zangon da ya wuce wanda ya hana ni sukuni. Na kuma tabbata in bai iso taku makarantar ba tukuna, to yana kan hanya.

Ga yadda abin ya kasance. Iyayen yara sun yi karo-karo aka sa mana intanet a ofis da ɗakin kwamfuta, ana sayen data ta wata guda. Sai ya zamana kafin kwana goma ta ƙare ƙarƙaf. Aka sake saye, ta sake ƙarewa. Zargi ya fara yawo. Wasu suka ce samarin unguwa ne suka samu kalmar sirri suna raɓewa a gindin katanga, wasu suka ce mai gadi ne ke kwana kallon ƙwallo. Har an fara yi wa mai gadi wani irin kallo, bawan Allah da wayarsa ma 'yar ƙaramar nan ce mai tocila.

Daga ƙarshe aka kira wani tsohon ɗalibinmu da ya yi sauka a hannunmu, yanzu yana karatun kwamfuta a jami'a. Ya zo da kwamfutarsa, ya haɗa ta yadda duk abin da zai fita daga makaranta ko ya shigo sai ya ratsa ta gabansa, ya buɗe wata manhaja mai suna Wireshark. Sai ga layuka suna zubowa kamar ruwan Agusta, masu launi iri-iri, ɗaruruwa cikin ƙiftawar ido. Bai cika awa guda ba ya ɗago kai ya ce: "Malam, babu ɓarawo. Kwamfutocin nan shida ne kowacce ke sauko da kayan sabunta kanta, abu ɗaya sau shida, ga kuma wayoyi biyu da ke kwashe hotunansu zuwa ma'ajiya da zarar sun ji waifai." Ya gyara. Data ta kai wata. Mai gadi ya wanku.

Da a nan maganar ta tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma wani dattijo daga cikin kwamitin makaranta, mutum mai kishin tarbiyya wanda ba na shakkar kyakkyawar niyyarsa, ya ce: "Yaro, ashe wannan abu yana nuna inda kowace waya ke zuwa? To ka bar mana shi a kunne, mu riƙa ganin abin da ɗalibai da malamai ke buɗewa." Wani abokin aikina kuma ya ce a'a, wannan ai kayan 'yan leƙen asiri ne, bai ma kamata a shigo da shi makarantar Islamiyya ba. Ni kuwa, tare da girmamawata gare su, ina ganin duka biyun ba su dace ba. Amma malamanmu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an sawwala shi, don haka bari mu fara sanin mene ne abin.

Ka taɓa ganin littafin rubutun hannu irin na kakanninmu, wanda ake ajiyewa a gafaka? Ba a ɗinke yake ba, warƙa-warƙa ne, kuma a gindin kowace warƙa marubuci yakan sa kalmar farko ta wadda ke biye, don in sun warwatse a iya mayar da su jere. To haka saƙo yake tafiya a intanet. In ka tura hoto ko murya, ba ya tafiya dunƙule. Ana yayyanka shi ƙunshi-ƙunshi, galibi kowane ƙunshi bai wuce kimanin haruffa 1,500 ba, a sa wa kowanne lambar jere, da adireshin mai aikawa, da na wanda za a kai wa. Kowane ƙunshi ya kama hanya, can a haɗa su. In ɗaya ya ɓata, a ce a sake turo shi. Ɗaliban hadisi za su fi kowa saurin ganewa in na ce kowane ƙunshi yana da isnadi da matani: isnadin shi ne daga wa, zuwa ga wa, ta wace ƙofa, a wane lokaci, matanin shi ne maganar kanta.

A al'ada kwamfuta ba ta kula ƙunshin da ba nata ba ne. Abin da waɗannan manhajoji ke yi shi ne su ce mata ta kwafi duk ƙunshin da ya iso gabanta, nata da wanda ba nata ba, su ajiye shi, sa'an nan su warware shi ɓawo bayan ɓawo su fassara wa mutum abin da ke ciki. Ba sa tare saƙo, ba sa canza shi. Mai saƙo ba zai ji komai a jikinsa ba. Wannan shi ne amfaninsu, kuma wannan ɗin dai shi ne haɗarinsu.

Zan fara da abokin aikina mai cewa kayan leƙen asiri ne. Ya ɗan'uwa, asalin abin ba daga 'yan leƙen asiri ya fito ba, daga masu gyara ya fito. A watan Oktoba na 1986 intanet, tana jaririya a lokacin, ta yi wata irin shaƙewa a Amurka. Tsakanin cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, tazarar da ba ta wuce yadi 400 ba, layin da ke ɗaukar ɗigon bayani 32,000 a daƙiƙa ya koma ɗaukar 40 kacal. Igiya lafiyarta lau, injuna lafiyarsu lau, amma abu ya ƙi tafiya. Wani masani mai suna Van Jacobson ya zauna yana bin ƙunshin nan ɗaya bayan ɗaya, har ya gano cewa kwamfutocin ne da kansu ke cushe hanya: da zarar sun ga jinkiri sai su sake turo abin da suka riga suka turo, cunkoso ya ƙaru, su sake turowa. Kamar 'yan acaba a mahaɗa, kowa na kutsawa don ya fita, har ba mai fita. Gyaran da ya wallafa a 1988 shi ne tushen yadda intanet ke kauce wa cunkoso har yau, kuma a wannan shekara, a wannan cibiya, shi da abokan aikinsa irin su Steven McCanne suka rubuta manhajar tcpdump, wadda har yanzu ma'aikatan sadarwa ke amfani da ita.

Ita kuwa Wireshark, wani ma'aikacin ƙaramin kamfanin intanet ne a birnin Kansas, Gerald Combs, ya fara ta, domin irin waɗanda ake sayarwa a lokacin sun yi tsada kuma ba sa aiki a kan injunan wurin aikinsa. Ya sake ta kyauta a 1998 da sunan Ethereal, jama'a daga ƙasashe daban-daban suka yi ta ƙara mata sani har ta iya fassara dubban ka'idojin sadarwa. A 2006 da ya canza wurin aiki, sunan ya zauna a hannun tsohon kamfaninsa, shi ya sa aka raɗa mata Wireshark. Har yau kyauta ce, kuma kowa na iya karanta yadda aka rubuta ta.

Amma hujjata mafi ƙarfi ba tarihi ba ce. Ita ce cewa wayar da ke aljihunka tana magana a bayan idonka dare da rana, kuma ba ka da hanyar jin abin da take faɗa sai da irin wannan kayan aiki. A watan Nuwamba na 2013 wani masanin kwamfuta a Ingila ya saurari talabijin ɗinsa ta kamfanin LG, ya tarar tana aika wa kamfanin sunan duk tashar da ya kalla, har da sunayen fayilolin da ke cikin filashin da ya soka mata, alhali ya kashe maɓallin da ke cewa a tattara bayanai. Kamfanin ya amsa, ya yi alkawarin gyara.

Ga wanda ya fi kusa da mu. A watan Nuwamba na 2020 ɗan jarida Joseph Cox na Motherboard ya ba da rahoto a kan manhajar Muslim Pro, wadda da yawanmu muka sa a waya don lokutan salla da alƙibla, wadda aka sauke fiye da sau miliyan 98. Da aka sa manhajar nazarin zirga-zirgar saƙo aka saurare ta, sai aka ga tana aika ainihin wurin da mai waya yake zuwa ga wani kamfanin dillancin bayanai mai suna X-Mode, wanda a cikin masu sayen hajarsa akwai 'yan kwangilar rundunar sojan Amurka. Masu Muslim Pro sun musanta cewa sun sayar wa soja bayanan kowa, suka kuma yanke hulɗa da X-Mode. A watan Janairu na 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta hana wannan kamfani sayar da bayanan wurare masu tsauri, har da wuraren ibada. To ina tambayarka, ya kai mai karatu: da ba a sami wanda ya iya sauraron igiya ba, da wa zai faɗa mana? Shekara nawa muka yi muna duba lokacin Azahar ba mu san me ke fita ta ƙofar baya ba? In muka haramta wa 'ya'yanmu wannan ilimi, ba mu hana kowa leƙenmu ba. Kanmu kawai muka rufe wa ido.

Yanzu sai dattijonmu, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin ra'ayinsa ne ya fi jan hankalin iyaye.

Gaskiya ne kayan nan suna leƙe, kuma an yi ɓarna da su. A watan Oktoba na 2010 wani mai suna Eric Butler ya saki wata 'yar manhaja, Firesheep, wadda ke ba duk wanda ke zaune a waifai na jama'a damar ɗauke shaidar shigar maƙwabcinsa ya faɗa cikin Facebook ɗinsa, ba tare da sanin kalmar sirri ba. Ya ce ya yi ne don kamfanoni su farka. A wannan shekara kuma Google ya amsa cewa motocinsa masu ɗaukar hoton tituna sun kwashi saƙonnin mutane daga waifai na gidaje marasa kulle a ƙasashe fiye da 30, kimanin gigabait 600, har da wasiƙu cikakku da kalmomin sirri. Ya ce kuskure ne, amma a 2013 ya biya jihohi 38 na Amurka dala miliyan 7. Irin waɗannan abubuwa, da tonon asirin da Edward Snowden ya yi a 2013, su suka sa aka koma rubuta matanin saƙo da wani irin zaurance wanda mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya warwarewa. Shi ne abin da harafin s ke nufi in ka ga adireshi ya fara da https. WhatsApp ya kammala nasa kullen a watan Afrilu na 2016. Saboda haka a yau mai sauraron igiya galibi ba ya iya karanta matani.

Isnadi fa? Shi yana nan a fili. Mai saurare yakan ga wace na'ura ce ta nemi wane gida a intanet, da ƙarfe nawa, sau nawa, kuma nawa ne nauyin abin da ya wuce. Watau yana ganin ƙofar da ka tsaya, ba ya jin abin da aka ce a ciki. Kuma wallahi wannan rabin sani ya fi cikakken jahilci haɗari, ga dalilina.

A ranar nan, muna tsaye a bayan yaron, sai sunan wani gidan caca ya gilma a cikin layukan. Dattijo ya gani. Ya ce wayar wa ce? Aka duba, ta ɗaya daga cikin malamanmu mata ce, matar aure, mai koyar da 'yan aji biyu. Ɗakin ya yi tsit. Na ga fuskoki sun canza, kuma ba zan ɓoye maka ba, ni ma zuciyata ta raya mini wani abu. Allah Ya saka wa yaron nan da alheri, bai yi gaggawa ba. Ya ce a ba shi minti biyar. Ya ɗauki tasa wayar, ya sauke manhajar azkar irin wadda malamai da yawa ke amfani da ita a nan, ya buɗe ta a gabanmu, sai ga sunan gidan cacar nan ya sake fitowa, wannan karon daga wayarsa. Ashe talla ce. Manhajar kyauta ce, masu ita suna sayar da gefen shafi ga dillalan talla, su kuwa su liƙa abin da suka ga dama. Baiwar Allah tana karanta azkar ɗin safiya, wayarta tana gaisawa da gidan caca ba da saninta ba.

Ka ɗauka yaron ba ya nan. Ka ɗauka an bar abin a kunne kamar yadda aka nema, wani wanda ya iya karanta suna amma bai iya karanta dalili ba ya gani da daddare shi kaɗai. Gobe magana ta kai gidan mijinta. Wa zai mayar da ita? Ƙari a kan haka, yaron ya gaya mana cewa wayoyin yanzu suna canza lambar shaidarsu daga wannan waifai zuwa wancan, kuma waya ɗaya a gidajenmu mutum nawa ke taɓa ta? Ƙane ya ara, ɗa ya ɗauka. Na'ura ta ce waya kaza, ba ta ce mutum kaza ba.

Ba a banza aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta jero abubuwa uku a jere ba: mummunan zato, sa'an nan tajassusi, watau bin diddigin asirin mutane, sa'an nan giba. Ɗaya ke haifar da ɗaya, kuma a ɗakin nan na ga na farko da na biyu da idona, saura ƙiris na uku ya biyo. Hadisin da Bukhari ya ruwaito ya yi gargaɗi da narkakkiyar dalma a kunnen mai sauraron zancen mutanen da ba sa son ya ji, kuma ban ga inda aka keɓe kunnen fata aka bar kunnen na'ura ba. A cikin Sunan na Abu Dawuda akwai hadisin Mu'awiya (RA) mai nuna cewa shugaban da ke bibiyar aibin mutanensa lalata su zai yi. Duk malamin da ya daɗe a aji ya san haka: yaron da ya gane ana leƙensa ba ya daina abin, wayon ɓoyewa yake ƙarawa, kuma manhajojin da ke rufe har isnadin suna nan kyauta, yaranmu sun fi mu saninsu. Hatta Imam Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, da ya zo maganar mai hisba a littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya, bai ba shi izinin binciken abin da aka ɓoye ba, sai in amintaccen mutum ya kawo labarin ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar wanda ya keɓe da wani zai kashe shi. In wanda hukuma ta naɗa bai sami wannan dama ba, ina ga kwamitin makaranta? Dokar ƙasa ma ba ta bar mu ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya kare sirrin wasiƙu da maganganun waya, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta sa tare saƙon wani ba da izini ba ya zama laifin da ke jawo ɗauri ko tara.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce, Malam, to mu zuba ido yara su lalace da intanet ɗin da muka saya da kuɗinmu? A'a. Makaranta tana da haƙƙi a kan layinta, uba yana da haƙƙi a kan ƙaramin ɗansa, kuma kiwo amana ne. Amma akwai bambanci tsakanin mai gida da ya kulle ƙofar da ba ya so a shiga, ya kuma faɗa wa kowa ya kulle, da wanda ya bar ta a buɗe ya laɓe a bayan labule yana jiran wanda zai kama. Na'urar da ke raba intanet tana iya toshe gidajen caca da na batsa ga kowa baki ɗaya, ba tare da an san wa ya nema ba. Wannan shi ne kiwo. A rubuta a manna a bango: ga abin da aka toshe, ga abin da ake ƙirgawa. Wanda ya shiga ya shiga da saninsa.

Sauraron igiya kuwa a bar shi a matsayin duban likita. Likita yana ganin abin da ba a nuna wa kowa, amma sai da ciwo, sai da izini, gwargwadon wurin ciwon, kuma abin da ya gani ba ya fita da shi. Haka nan: ba a kunna shi sai an sami matsala, a sanar da jama'a kafin a kunna, a tace shi ya nuna abin da ake nema kawai, domin manhajar tana da matata da ake rubuta mata abin da za ta ɗauka ta bar saura. Kada mutum ɗaya ya zauna a kai shi kaɗai. In an gama a goge abin da aka kwafa, kada a bar shi a filashi yana yawo a aljihu. Wani abu kuma da ban sani ba sai ranar: a irin kullen waifai da ya fi yawa a gidajenmu, wanda ake kira WPA2, duk wanda ya san kalmar sirri, in ya kama lokacin da wayarka ke shiga, yana iya buɗe kullen da ke tsakaninta da na'urar. Kalmar sirrin da duk unguwa ta sani ba ta tsare kowa daga kowa ba. Mun raba layin ofis da na ɗalibai, mun kuma canza kalmar.

Kwamiti ya zauna sau biyu a kan maganar. Dattijonmu bai gamsu duka ba, ya ce mu yaran yanzu mun cika yarda da mutane, amma ya amince a gwada toshewar zango guda a gani. Ita malamar har yau ba ta san abin da ya gilma a kanta ba, kuma mu biyar da muke ɗakin mun yi alkawari ba za ta ji daga bakinmu ba. Na canza wasu siffofinta a nan don kada mai hasashe ya yi hasashe. Tsohon ɗalibin namu kuwa ya yarda zai riƙa zuwa ranar Alhamis da safe, tun da ba karatu, ya koya wa 'yan ajin ƙarshe, maza da mata, yadda ake karanta layukan nan. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma ni na roƙe shi ya sa: kowa wayarsa zai saurara, ba ta wani ba. Darasin farko, kowa zai kawo manhajar salla ko ta azkar da ke wayarsa a ji da wa take magana. Na riga na rubuta sunana a takardar, ni ne na bakwai.